Takubban Boma da ke Gidajenmu: Yadda Ake Gane Maƙerinsu da Ingancinsu

Gabatarwa

A bana na zaɓi in yi tsokaci a kan wani abu da wasunmu suka buɗe ido suka tarar a rataye a turakar iyayensu, wato takubban Japanawa da 'yan mazan jiya suka dawo da su daga Yaƙin Duniya na Biyu.

Abin da ya jawo wannan rubutu shi ne, a bara na shiga gaisuwar Sallah a wani gida da na san tun ina yaro akwai irin wannan takobi a cikinsa, mai ƙota naɗe da zare da tuntu mai launin ƙasa da shuɗi. Da na tambaya sai magada suka ce wani dillalin kayan da ya zo daga birni ya saye shi a kan kuɗin da bai kai na ragon layya ba. Babu wanda ya ɗauki hotonsa, babu wanda ya duba sunan maƙerinsa. Tsohon da ya sha wuyar dazukan Boma ya riga mu gidan gaskiya, ga shi shaidar da ya bari ita ma ta bi shi. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Saboda haka na tattara abin da na karanta, da abin da na gwada da hannuna a kan takobin gidanmu, domin kada a maimaita irin wannan asara.

Yadda takubban suka iso ƙasarmu

A shekarar 1942 sojojin Japan suka kori Turawan Ingila daga ƙasar Burma, wadda tsofaffinmu ke kira Boma, a yau kuma ake kira Miyanma. Domin ƙwato ta, Ingila ta kafa manyan rundunoni biyu na sojojin Afirka ta Yamma a 1943, wato Runduna ta 81 da ta 82, waɗanda suka ƙunshi 'yan Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya. Da yawa daga kuratan Nijeriya 'yan Arewa ne, kuma Hausa ce ta daɗe tana zaman harshen bariki. Runduna ta 81 ta yi gumurzu a kwarin kogin Kaladan a 1944. Bataliyoyi uku na Nijeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, an haɗa su da dakarun nan da ake kira Chindit, waɗanda aka sauke ta jirgin sama a bayan layin abokan gaba. A watan Janairun 1945 rundunonin biyu suka haɗu wajen karɓe garin Myohaung. Duk wanda ya san Barikin Chindit a Zariya, ko Dalet da Kalapanzin a Kaduna, ko Dodan, Myohaung, An, Arakan da Tamandu a Ikko, ko Letmauk a Badun, to sunaye ne da aka ɗauko daga wancan yaƙi. Da suka dawo gida ne Malam Sa'adu Zungur ya tsara waƙarsa ta Maraba da Soja.

Takobi ya shigo hannun sojojin Ƙawance ta hanya biyu: ko a tsince shi a fagen fama, ko a karɓe shi bayan Japan ta miƙa wuya a watan Agustan 1945. Babban kwamandan yankin, Lod Mountbatten, ya dage a kan lallai hafsoshin Japan su miƙa takubbansu hannu da hannu, domin su tabbatar an ci su da yaƙi. Da yawa daga waɗannan takubba hafsoshi ne suka raba a tsakaninsu. Kaɗan ne suka faɗo hannun saje ko samanja baƙar fata, wanda hakan ya sa duk wanda ya iso garinmu ya cancanci a riƙe shi da muhimmanci.

Matsayin takobi a wurin Japanawa

Japanawa sun shafe shekaru kusan dubu suna ƙera takobi mai lanƙwasa da kaifi ɗaya. Suna narka wani baƙin yashi mai ƙarfe da gawayi a cikin murhun laka, kamar yadda kakanninmu ke narka tama, su sami ƙarfen da suke kira tamahagane. Maƙeri zai yi ta bugunsa yana ninkawa har sau goma ko fiye, sannan ya shafe ruwan takobin da laka, mai kauri a gadon baya, siririya a bakin kaifi, ya gasa shi ya tsoma a ruwa. Ta haka kaifin ke yin tauri ƙwarai, bayan kuma ya kasance mai jure bugu.

A 1876 gwamnatinsu ta hana jama'a yawo da takobi, sana'ar ta kusa mutuwa, sojojinsu kuma suka koma rataya takubba irin na Turai. Sai a 1934, lokacin da aƙidar soja ta yi ƙarfi a ƙasar, aka dawo da fasalin gargajiya, aka kira shi shin gunto, wato sabon takobin soja. Hafsa shi ke sayen nasa da kuɗinsa. Mai hali ya sayi na babban maƙeri, maras hali ya sayi na masana'anta, wani kuma ya ɗauko ruwan takobin kakanninsa mai shekara ɗari uku ko biyar a sa masa sabuwar ƙota da kube irin na soja. Wannan shi ya sa takubba biyu za su yi kama da juna a ido, alhali ɗaya aikin inji ne, ɗayan kuma kayan tarihi ne da gidajen adana kayan tarihi ke nema ruwa a jallo. Kama da wane ba ta wane.

Ya kamata kuma mu tuna cewa waɗannan takubba ba na ado kaɗai ba ne. Tarihi ya tabbatar an yi amfani da su wajen kashe fursunonin yaƙi da fararen hula a Sin da sauran ƙasashen da Japan ta mamaye. Wanda ya riƙe ɗaya a hannunsa yana riƙe da shaidar wani zamani mai ɗaci.

Mataki na farko: duba ƙota da kube

Lambobin da ake kiran samfuran da su sun fito ne daga lissafin shekarun sarautar Japan, wanda ya ɗara na Miladiyya da shekara 660. Shekararsu ta 2594 ita ce 1934, don haka aka sami samfuri na 94.

Samfuri na 94 da na 98, na 1934 da 1938, na hafsoshin sojan ƙasa ne. Ƙotarsu ta katako ce, an lulluɓe ta da fatar wani kifin teku mai gurji-gurji, aka naɗe da zaren siliki mai launin ƙasa. Kayan adon na tagulla ne masu zanen furen sakura, kuben kuma galibi na ƙarfe ne mai fenti, wani lokaci na katako da aka sa wa rigar fata. Na 94 yana da zoben ratayawa biyu, ɗaya ana iya cire shi, na 98 kuma zobe ɗaya.

Samfuri na 95, na 1935, na saje-saje ne, kuma gwamnati ce ke ba su. Ƙotarsa zubin ƙarfe ce da aka kwaikwayi naɗin zare a jikinta aka yi mata fenti. Na farko-farko jan ƙarfe ne, mafi yawa alminiyam, na ƙarshen yaƙi kuma katako. Yana da kwari mai tsawo a jikin ruwansa, da lamba irin wadda muke rubutawa a makaranta a kusa da ƙota. Irin wannan lamba tana jikin kuben. Idan lambobin biyu suka zo daidai, to takobin bai taɓa rabuwa da kubensa na asali ba.

Na sojan ruwa, wanda aka fito da shi a 1937, ana kiransa kai gunto. Kubensa baƙi ne ko mai duhu, da zoben ratayawa biyu da ado mai ruwan zinariya, kuma wasu daga cikinsu an yi su da ƙarfen da ba ya tsatsa saboda gishirin teku.

Tuntun da ke ƙarshen ƙota yana nuna muƙamin mai shi. Launin ƙasa da shuɗi na laftana ne zuwa kyaftin. Launin ƙasa da ja na manjo ne zuwa kanar. Na janar yana da launin ƙasa da ja tare da zare mai ruwan zinariya. Saje kuwa igiyar fata yake ɗaurawa. Ashe ke nan takobin da aka sayar a gidan da na ambata na ƙaramin hafsa ne, kuma irinsa ne ake iya samun tsohon ruwa a ciki. Idan aka ga ɗan tambarin azurfa a kan ƙota, alamar zuriyar mai takobin ce. Idan kuma akwai ɗan allo ko ƙyalle mai rubutu ɗaure da shi, to suna da adireshin hafsan ne da ya rubuta ranar miƙa wuya, da fatan wata rana za a mayar masa. Kada a tsinke shi ko a jefar.

Mataki na biyu: sirrin yana cikin ƙota

Maƙerin Japan ba ya rubuta sunansa a inda ido ke gani. Yana sassaƙa shi ne a wutsiyar takobi, wato ɓangaren ƙarfen da ya shige cikin ƙota, wanda suke kira nakago. Abin da ke riƙe da ƙotar hafsa ɗan turken gora ne da bai kai ƙaramin yatsa kauri ba, wani lokaci guda biyu. A duba gefen da ya fi siranta a tura shi a hankali da ɗan tsinke mai ƙwari, sai ya fita ta ɗaya gefen. Daga nan a riƙe takobin tsaye, tsini sama, kaifi yana kallon nesa da jiki, a bubbuga wuyan hannun da ke riƙe da shi da ɗaya hannun har ƙotar ta saki. Idan ta ƙi, a haƙura, kada a sa guduma. Na saje mai ƙotar alminiyam kuwa babu buƙatar kwance shi, domin galibi babu sunan kowa a ciki. Hatiman ma'ajiyar makamai irin su Kokura, Tokiyo ko Nagoya suna jikin zoben da ke wuyan ƙota.

Rubutun daga sama yake sauka ƙasa. A gefe ɗaya akan sami garin maƙeri, sannan sunansa, sannan wata kalma da ake furtawa saku, ma'ana ya ƙera. A ɗaya gefen akan sami kwanan wata. Wannan kowa na iya koyon karanta shi. Zamanin Sarki Hirohito ana kiransa Showa, kuma ya fara a 1926, don haka a tara 1925 da shekarar da aka rubuta. Showa 18 ita ce 1943, Showa 20 kuma 1945. Lambobinsu na farko masu sauƙi ne: ɗaya layi ɗaya a kwance, biyu layi biyu, uku layi uku, goma kuwa kamar alamar tarawa ta darasin lissafi. Wasu maƙeran sun yi amfani da lissafin sarauta, inda 2600 take daidai da 1940.

Launin wutsiyar shi ma shaida ne. Ta takobin lokacin yaƙi tana da haske ko tsatsa ja-ja marar zurfi, kuma sawun magagari yana nan raɗau. Ta tsohon takobi ta yi baƙi wuluk, ta yi santsi, wani lokaci da huda biyu ko uku saboda an sha sauya mata ƙota a tsawon ƙarnuka. A nan zan ja kunne da babbar murya: kada a kankare wannan tsatsa. Da ita masana ke auna shekarun takobi, kuma wanda ya goge ta ya goge rabin darajarsa.

Mataki na uku: ƙananan hatimai

A saman sunan maƙeri akan sami ɗan hatimi da bai wuce ƙwayar masara ba. Furen sakura mai harafi a tsakiya ana kiransa hatimin Showa. Akwai kuma hatimin Seki, garin maƙera da ke lardin Gifu, inda aka ƙera takubba masu ɗimbin yawa, kuma sunayen maƙeransa da dama suna farawa da Kane. Masana sun tafi a kan cewa waɗannan hatimai biyu suna nuna takobin da ba a bi hanyar gargajiya gaba ɗaya wajen ƙera shi ba, wato an yi amfani da ƙarfen masana'anta ko an tsoma shi a mai maimakon ruwa. Irinsu ake kira showato. Hatimin ƙugiyar jirgin ruwa na ma'ajiyar makaman sojan ruwa ne ta Toyokawa.

Hatimin tauraro kuwa albishir ne, domin yana nuna maƙerin da rundunar soja ta tantance ta ba shi ƙarfen tamahagane ya yi aikin gargajiya. Irin wannan aiki na hannu ake kira gendaito. Haka nan maƙeran da suka yi aiki a harabar wurin ibadar Yasukuni a Tokiyo daga 1933 zuwa 1945, waɗanda sunayensu ke farawa da Yasu, sun ƙera takubba kimanin 8,100 da ake ji da su har yau. Sojan ruwa su ma suna da nasu maƙeran a Minatogawa ta birnin Kobe, masu sunaye da ke farawa da Masa. Akwai kuma na kamfanin jirgin ƙasa na Kudancin Manchuriya, masu ɗauke da sunan Mantetsu, waɗanda aikin masana'anta ne amma an san su da ƙwari.

Mataki na huɗu: ruwan takobin kansa

A fita da shi hasken rana, a karkata shi a duba tsawonsa. A na gargajiya za a ga wani farin layi kamar gajimare yana bin bakin kaifi, mai ƙyalƙyali kamar an barbaɗa garin gishiri. Sunansa hamon, kuma tsomawa a ruwa ce ke haifar da shi. Jikin ƙarfen kuma yana nuna siraran zane irin na jikin katako, sakamakon ninkawar da aka yi masa. Wanda aka tsoma a mai yana da layin, amma a dushe yake, ƙarfensa kuma sumul ba zane. Idan tsatsa ta rufe ruwan, ba za a ga ko ɗaya ba, kuma babu mai iya fito da su sai gwanin wasa takobi da ya yi shekaru yana koyon sana'ar da duwatsu na musamman.

Sa hannun ƙarya da jabun zamani

Ganin suna a wutsiya bai isa hujja ba. Tun ɗaruruwan shekaru ake sassaƙa sunayen mashahuran maƙera a kan aikin wasu, abin da suke kira gimei. Masamune, wanda ya rayu wajen shekara 700 da suka wuce, ba kasafai ma yake sa sunansa ba, amma takubba masu ɗauke da sunan ba sa ƙirguwa. Mu ma mun san irin wannan, domin tsofaffin takubbanmu na hawan Sallah da yawa ruwansu daga Solingen ta Jamus ya zo ta hamada, kuma maƙeran gida sun riƙa kwaikwayon tambarin jinjirin wata da ke jikinsu don kayansu su yi daraja. Dokar masana ita ce, aikin ƙarfe ne ke gaskata suna. Suna gwada bugun kurfin haruffa da sawun magagari da siffar wutsiya da na takubban da aka riga aka tabbatar. A Tokiyo akwai ƙungiyar adana takubban fasaha da aka kafa a 1948, wadda ake taƙaita sunanta da NBTHK, mai zaman tantancewa tana ba da takardar shaida.

Sai kuma jabun da ake ƙerawa a yau, galibi a ƙasar Sin, ana tsufar da su da gangan. Alamominsu su ne: rubutu ko hoton tuta ko fure a kan ruwan takobi inda kowa zai gani, zane mai ɗaukar ido da aka fitar da ruwan asid, lamba a kan abin wuyan tagulla da ke gindin ruwa maimakon a kan ruwan, naɗin ƙota sako-sako wanda duk zaren ya bi gefe ɗaya, alhali na asali yana saɓawa ɗaya bisa ɗaya, tsini marar tsari, da wutsiya mai kaushi kamar an yanke ta da zarto. 'Yan uwa mazauna birni masu sayayya ta intanet su kiyaye.

Takobin gidanmu

Baffana ya yi yaƙin Boma, kuma mun taso ana ce mana takobin da ke ɗakinsa na wani janar ne. Da na yi ritaya na sami sarari na ɗauko shi na duba. Ƙotarsa alminiyam ce, fentin ya kusa ƙarewa, ga kwari a jikin ruwa, ga lamba, kuma lambar kube ta yi daidai da ita. Samfuri na 95 ne, na wani saje irinsa. Wasu a gidan ba su ji daɗin wannan bayani ba, ni kuwa ya ƙara mini natsuwa, domin Baffa bai taɓa cewa da bakinsa na janar ne ba. Mu ne muka ƙara wa miyar gishiri. Abin takaici ɗaya shi ne wani ɗanmu ya taɓa goge gefe guda da sanfefa zai hau da shi ranar Sallah, kuma wannan tabo ba zai gyaru ba.

Kammalawa

Ga wanda ke da irin wannan takobi, kada ya wasa shi, kada ya yi sara da shi, kada ya taɓa ruwansa da yatsa domin gumi na jawo tsatsa. A goge shi da tattausan ƙyalle, a shafa ɗan man keken ɗinki, ban da wutsiya, a ajiye shi a kwance a busasshen wuri nesa da yara. A ɗauki hotonsa gaba ɗaya, da na wutsiya gefe biyu, da na kowane hatimi. Kada a karɓi tayin dillali kafin a san abin da ake riƙe da shi, kuma kada magaji ɗaya ya yanke hukunci shi kaɗai a kan abin da ya shafi zuriya duka.

Ina roƙon Ƙungiya ta kafa ɗan ƙaramin kwamiti da zai bi gidajen 'yan mazan jiya unguwa-unguwa, ya rubuta sunan kowane tsohon soja da lambarsa da bataliyarsa, ya ɗauki hoton littafinsa na sallama da lambobin yabonsa, musamman Tauraron Boma, da duk wani abu da ya dawo da shi. Takardar sallama ita ce ke haɗa takobi da mutumin da ya kawo shi, kuma wannan haɗin shi ne abin da babu dillalin da zai iya biya. Su dai sun kusa ƙarewa, amma matansu da manyan 'ya'yansu da suka ji labari daga bakinsu suna nan da sauransu. Ku da ke birni, idan kun zo gida Sallar bana, ku tambayi iyaye mata inda aka ajiye akwatin tsoho, ku buɗe shi tare da yaranku. Ni kuma a shirye nake in zo da gilashina in taya ku dubawa.

Allah Ya jiƙan mazan jiya, Ya albarkaci bayansu. Wassalam.